Kunnen ɗan tsako da saƙon Notch: littafin aikina na wannan zango

13 ga Janairu, 2025

Tambaya ɗaya ce aikin nan ya tsaya a kanta. A can cikin kunnen ɗan tayi, ƙwayoyin halitta suna aika wa maƙwabtansu saƙo ta wata hanya da ake kira Notch. In aka toshe hanyar da wuri, kunne yakan tashi da ƙarancin ƙwayoyi masu gashi, waɗanda su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da jijiya za ta kai wa ƙwaƙwalwa. In kuwa aka ɗan jira 'yan kwanaki sannan aka toshe ta, sai masu gashin su yi yawa har su wuce ƙima. Maganin da ake toshewar da shi bai sauya ba, kunnen ma shi ne dai, lokaci ne kawai ya bambanta. Ina so in gano, a ƙwan kaza, a wane tsakani ne abin ke juyawa, kuma ko juyin yana zuwa lokaci guda a duk tsawon sashen ji, ko wani gefe yana riga wani.

Ba ni na fara hango wannan ba. Nicolas Daudet da Julian Lewis sun nuna ayyukan nan biyu na Notch a kunnen kaza tun 2005, a Landan. Nawa aikin shi ne in matse lokacin, kuma in tabbatar ana iya yi da kayan da muke da su a nan.

Dalilin zaɓen kaza a fili yake. Ƙwai mai zakara ba ya wuyar samu a gonakin ƙyanƙyasa, ɗan tsako yana kammala halittarsa cikin kwana 21, kuma ana iya buɗe taga a ɓawon a leƙa shi yana raye. Tun 1951 Viktor Hamburger da Howard Hamilton suka kasa girmansa mataki 46, kowane mataki da alamominsa, don haka in na ce mataki na 18, mai bincike a ko'ina ya san abin da nake nufi. Akwai kuma babban dalili: tsuntsu yana iya sake tsiro da ƙwayoyi masu gashi in sun mutu, ɗan Adam kuwa ba ya iyawa.

Yau na wanke injin ƙyanƙyasa, na daidaita shi a kan digiri 37.5. Hunturu ya busar da komai, sai da na ƙara kwanon ruwa na biyu a ciki kafin laima ta hau.

21 ga Janairu

Makon nan na koyon hannu ne. Ana kwantar da ƙwai a gicciye, a huda gefen da ya fi faɗi, a zuƙe farin ƙwai kamar mililita 3 da sirinji don gwaiduwa ta sauka, a manna salatif a sama, sannan a yanke taga da ƙaramin almakashi. Ɗan tayin kwana biyu fari ne garau a kan gwaiduwa, ido ba ya kama shi sai an tsiyaya ɗigon baƙar tawada a ƙarƙashinsa.

A mataki na 10, wajen awa 33 zuwa 38 da fara ɗumi, zuciya ta soma motsi, kuma a kowane gefe na ƙwaƙwalwar baya fata ta ɗan yi kauri. Wannan kaurin shi ne asalin kunnen ciki gaba ɗaya. Zuwa mataki na 12 ya lotsa ya zama ɗan rami, zuwa na 17 ko 18 bakin ramin ya haɗe, ya zama 'yar jaka mai ruwa a ciki. Na daɗe ina kallon jakar nan yau. Duk abin da mutum zai ji a rayuwarsa, da duk abin da ke hana shi faɗuwa in ya miƙe tsaye, daga irinta yake fitowa, kuma a ɗan Adam tana rufewa ne a mako na 4 na ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba.

Fatar wurin ba ta yanke wa kanta shawarar zama kunne. Saƙo take karɓa daga naman da ke ƙarƙashinta da kuma ƙwaƙwalwar da ke kusa. A kaza, Raj Ladher da abokan aikinsa sun nuna a shekarar 2000 cewa furotin FGF19 da Wnt8c ne ke haɗa kai su tayar da ita. A ɓera FGF3 da FGF10 ne, kuma in aka cire su biyun jakar ba ta samuwa. A mutane ma an samu iyalai masu tangarɗa a ƙwayar gadon FGF3, 'ya'yansu suna zuwa duniya babu kunnen ciki sam, ga ƙananan kunnuwa da ƙananan haƙora.

30 ga Janairu

Wuta ta ɗauke cikin dare, batirin sola bai kai asuba ba, ƙwan da na saka suka huce. Waɗanda suka rayu sun koma baya a girma, wasu a mataki na 15 wasu a na 19, alhali tare aka saka su. Ga aikin da gaba ɗayansa lissafin lokaci ne, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Na daina dogara da agogo. Daga yau kowane ɗan tayi sai na duba shi da kansa, tohon fiffike da na ƙafa, lanƙwasar wuya, launin ido, in rubuta matakinsa kafin in taɓa shi. An raba wa injin ƙyanƙyasa layinsa shi kaɗai daga batir, firji ya koma ɗayan layin.

12 ga Fabrairu

DAPT, maganin da zan toshe Notch da shi, ya iso, cikin 'yar kwalba da ke ƙunshe da farin gari. Na narkar da shi a DMSO, wani ruwan narkar da magani, na rarraba a ƙananan bututu na daskarar. Asalinsa daga binciken cutar mantuwa ta Alzheimer ya fito, domin yana toshe wani inzayim mai suna gamma-secretase, sai ya kasance wannan inzayim ɗin ne ke yanka Notch.

Bari in rubuta yadda saƙon yake tafiya, don duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Notch furotin ne da ke tsaye a fatar ƙwaya, rabi a waje rabi a ciki. Ba ya karɓar saƙo daga nesa, sai ƙwayar da ke manne da shi ta miƙo masa nata furotin ɗin, ko Delta ko Serrate, wanda a ɓera da mutum ake kira Jagged. Da sun haɗu sai a yanka Notch sau biyu, yanka na biyu shi ne na gamma-secretase. Guntun da ke ciki ya kuɓuce ya shiga cibiyar ƙwaya, ya kunna wasu ƙwayoyin gado irin su Hes5. DAPT yana hana yanka na biyun, saƙo ya iso bakin ƙofa ya tsaya.

To me saƙon yake cewa? Da fari, a jakar nan mai ruwa, ƙwayar da ke ɗauke da Serrate1 tana kunna Notch a maƙwabciyarta, ita kuma sai ta soma yin nata Serrate1, ta riƙe ƙwayar gadon Sox2 tana aiki. Haka ake samun fili guda na ƙwayoyi masu hali ɗaya, waɗanda duk sun cancanci zama masu ji. Daga baya, a cikin wannan filin, wata ƙwaya takan ɗan riga sauran kunna Atoh1, ƙwayar gadon da ke mayar da ita mai gashi, ta soma fitar da Delta1, shi kuma ya kunna Notch a na kewaye da ita, Hes5 ya danne musu Atoh1, su zauna a matsayin masu tallafi. Abin ya yi kama da gidan sarauta: da farko zumunci ne ke tara 'ya'yan sarki ya ware su daga sauran gari, kowanensu yana iya gadon karaga, amma ranar da aka naɗa wa ɗaya rawani, 'yan uwan da ke kusa da shi sai su koma masu riƙe masa ƙasa.

Shaidun kowane ɓangare suna da ƙarfi. A 1998 ɗakin binciken Lewis ya duba kifin zebra mai tangarɗar da ake kira mind bomb, wanda saƙon Notch ba ya tafiya a jikinsa. Filayen ji na kunnensa suka cika da masu gashi, babu masu tallafi, kuma ba da jimawa ba masu gashin suka ɓalle suka mutu, don babu abin da zai riƙe su. A 1999 ɗakin Huda Zoghbi a Houston ya cire Atoh1 daga ɓera, aka haife shi babu ƙwaya mai gashi ko ɗaya a kunne. A 2005 Amy Kiernan da abokan aikinta suka nuna cewa ɓeran da Sox2 bai kunnu a kunnensa ba, filin ji ɗin ma ba ya samuwa.

Da na zo haɗa ruwan renon, Baba mai kula da ɗakin gwaji ya miƙo mini kwalbar penisilin da streptomycin da ake zubawa a kowane reno don hana ƙwayoyin cuta.

"Baba, wannan karon penisilin kaɗai zan saka," na ce masa.

"Ikon Allah. Me streptomycin ya yi maka, ɗana? Da shi muke aiki tun kafin ka shigo jami'a."

Na bayyana masa cewa streptomycin da gentamicin dangi ɗaya ne, kuma suna kashe ƙwayoyi masu gashi, ta ƙofar da ke saman gashin suke shiga. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai 'yar ƙanwarsa da aka yi wa allurai masu yawa tana jaririya, har yau ba ta ji sosai. Bai ƙara komai ba, ya je ya nemo mini penisilin zalla.

24 ga Fabrairu

Na fara rukunin farko, na toshewa da wuri. Ina ciro jakar kunne a kwana na 3 da fara ɗumi, ta dama ta shiga ruwa mai DAPT, ta hagu ta shiga ruwa mai DMSO kaɗai, don kowane ɗan tayi ya zama ma'aunin kansa. Cirowar tana son haƙuri. Da hantsaki biyu masu tsinin gaske ake yi, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma ana barin ɗan naman da ke kewaye, domin in aka tsiraita jakar ba ta girma yadda ya kamata.

Wannan naman da maƙwabtansa suna da nasu saƙonnin. Shh yana fitowa daga ƙasa, daga igiyar baya da gindin ƙwaƙwalwa, shi ke sa ƙasan jakar ya miƙe ya zama sashen ji. Wnt1 da Wnt3a suna saukowa daga saman ƙwaƙwalwa, su ke sa saman jakar ya zama bututu uku masu lanƙwasa da ke kula da daidaiton jiki. Jakar da aka raba da jiki ta rasa wani kaso na waɗannan, shi ya sa ba zan yi hukunci da siffarta ba, sai da bambancin dama da hagu.

3 ga Maris

Yau Ranar Ji ta Duniya, ga azumi ya kama. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa. Wata ɗaliba ta tambaye ni ko aikina zai warkar da kurame, na ce mata a'a, kuma ina ganin ya dace in rubuta dalili.

Kurumta ba iri ɗaya ba ce. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya, akasari a arewa, ta kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai da yawa da suka rasa ji. Sanƙarau ba ƙwayoyi masu gashi kaɗai yake lalatawa ba, yana taɓa jijiya, wani lokaci har katantanwar kunne, wato sashen ji na kunnen ciki, ta cike da ƙashi. Babu saƙon Notch da zai gyara wannan. Inda binciken irin nawa yake da abin faɗa shi ne wurin da masu gashi suka mutu amma masu tallafi da jijiya suna nan, kamar ɓarnar ƙara mai tsanani, ko ta gentamicin da kanamycin. Ko a nan ɗin, abin da ke hannunmu yau shi ne rigakafi: auna allurar daidai nauyin yaro, kada a zarce kwanakin da aka ƙayyade, kada a saya a kemis a yi ta yi ba tare da likita ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamycin da capreomycin daga magungunan da take ba da shawara a kansu don tarin fuka mai bijire wa magani, kuma a ganina wannan mataki ya ceci kunnuwa fiye da duk abin da ɗakunan gwaji suka fitar zuwa yanzu a fannin sake tsiro da ƙwayoyi.

19 ga Maris

Sakamakon rukunin farko ya fito. Na kafe naman da paraformaldehyde, na rina shi da abin da ke kama Sox2 da wanda ke kama myosin VIIa, alamar ƙwaya mai gashi. A jakunkunan hagu filayen Sox2 sun fito sarai, masu iyaka. A na dama, waɗanda suka sha DAPT, filayen suna nan amma sun tsuke, na gaba ya fi na baya shan wahala, wani lokaci da ƙyar ake gane shi. Wannan ya yi daidai da abin da Daudet da Lewis suka ruwaito a 2007, cewa Notch ba shi ke fara filin ba, riƙe shi yake yi. Hankalina ya kwanta, don ya nuna maganin yana aiki a hannunmu kuma zafin hanya bai lalata shi ba.

Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. A cikin ɗan filin da ya rage, masu gashin da suka fito a cunkushe suke, suna taɓa juna. Wato a nama guda ina ganin aikin Notch na farko ya rushe, fili ya ragu, kuma ina ganin na biyu ya rushe, masu gashi sun yi cinkoso. Dalili a bayyane yake, maganin ya zauna a ruwan tun daga farko har ƙarshe, ya ratsa lokutan biyu. In ina son in raba su, dole in saka DAPT na ɗan lokaci in wanke shi. Na kai wa Malama, mai duba aikina, hotunan.

"Ranki ya daɗe, ina ganin sai an gajarta lokacin maganin."

"Haka ne. Ka saka na yini ɗaya, ka wanke, ka bar shi ya ci gaba. Kuma ka daina ƙirga masu gashi kaɗai. Ka auna faɗin filin daban, yawan masu gashi a cikinsa daban, in ba haka ba ɗaya zai ɓoye maka ɗaya."

Wannan shawara ta sauya tsarin awon gaba ɗaya.

9 ga Afrilu

Bayan hutun Sallah na koma kan sashen ji kansa. A kaza ba a naɗe yake ba kamar katantanwar kunnen mutum, ɗan bututu ne mai ɗan lanƙwasa, tsawonsa bai wuce milimita 4 ba in ya girma, kuma yana ɗauke da masu gashi wajen 10,000. A mutum tsarin ya bambanta: layi ɗaya na masu gashin ciki, kusan 3,500, da layi uku na waje, kusan 12,000, a sashen da Alfonso Corti ya bayyana a 1851. Da su ake haihuwar mutum, kuma ba a ƙara masa ko ɗaya.

A kaza, ƙwayoyin sashen ji suna daina rabuwa tsakanin kwana na 5 da na 8. Don haka na jera rukunai, wasu su sha DAPT a kwana na 4, wasu na 5, wasu na 6, wasu na 7, kowanne na yini ɗaya.

Yau na rina naman kwana na 12 da ba a taɓa ba, don in san yadda lafiyayye yake kafin in yi hukunci a kan maras lafiya. Rinin phalloidin ne, wanda ake samowa daga wani nau'i mai dafi na tsiron nan da ake kira naman kaza, yana kama actin, furotin da ke cikin gashin, ya haska kore. Abin da na gani ya cancanci a tsaya a kansa. Kowace ƙwaya mai gashi tana zaune ita kaɗai, siraran masu tallafi sun zagaye ta, babu inda biyu suka haɗa kafaɗa. A saman kowacce ga tarin gashi a jere hawa-hawa, gajeru a gaba dogaye a baya, kuma na kowace unguwa sun fuskanci gefe guda. Da na bi naman daga tushe zuwa ƙarshe sai tarin yake sauyawa a hankali. A tushe, inda ake jin siririn sauti, gashin gajeru ne masu yawa. A ƙarshe, inda ake jin kakkauran sauti, dogaye ne 'yan kaɗan. Lewis Tilney ya auna wannan tun shekarun 1980: kusan gashi 300 a tari ɗaya a tushe, kusan 50 a ƙarshe, tsawo daga maikiromita 1.5 zuwa 5.5.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsaren da nasa saƙon. Fuskantar gefe guda aikin wasu furotin ne irin su Vangl2, kuma a 2003 Mireille Montcouquiol da Matthew Kelley sun nuna cewa a ɓeran da ya rasa shi gashin yana juyawa barkatai. Bambancin tushe da ƙarshe kuwa, a 2014 Zoë Mann da abokan aikinta sun nuna cewa a kaza furotin Bmp7 ne ke da ƙarfi a ƙarshe, wani furotin mai danne shi yana da ƙarfi a tushe, kowace ƙwaya tana gane mazauninta daga yawan abin da ya iso gare ta.

Akwai kuma gargaɗi a kaina. Richard Goodyear da Guy Richardson sun nuna a 1997 cewa a kwana na 9 masu gashi da dama suna taɓa juna ko a lafiyayyen kunne, sai daga baya ƙwayoyi su gusa su daidaita zuwa kwana na 12. Ke nan ba Notch kaɗai ke shirya zaman ba, kuma in na ga biyu a manne a naman da bai kai ba, ba lallai maganin ne ya jawo ba.

28 ga Afrilu

Zafi ya yi tsanani, yanzu matsalar injin ƙyanƙyasa ba sanyi ba ce, wuce ƙima yake yi da rana tsaka. Na mayar da aikin fiɗa zuwa bayan asuba.

Rukunan sun fara magana. Waɗanda suka sha magani a kwana na 6 sun cika da masu gashi, manne da juna, masu tallafi sun ragu ƙwarai, faɗin filin kuwa bai sauya ba. Na kwana na 4 filinsu ya fi na hagu ƙanƙanta, amma zaman da ke cikinsa bai lalace sosai ba. Na kwana na 5 su ne masu wuyar karantawa, kuma su na fi so, domin cinkoson bai bazu ko'ina ba, ya fi yawa wajen ƙarshen bututun, inda masu gashi ke fara bayyana a kaza, tushe kuwa da sauƙi. In wannan ya tabbata, juyin ba ya zuwa lokaci guda, yana tafiya ne a kan tsawon naman. Ban isa in ce ya tabbata ba tukuna. Naman da ke hannuna kaɗan ne, kuma tushen bututun shi ya fi saurin yagewa wajen fiɗa, don haka mai yiwuwa raunin hantsaki nake gani. Na roƙi wata abokiyar aiki ta rufe lambobin gilasan da takarda, ta ba ni in auna ba tare da na san wanne ya sha magani ba.

A ɓera an san irin wannan tafiya, har ma da abin mamaki a ciki. Robert Ruben ya gano tun 1967 cewa ƙwayoyin ƙarshen katantanwa ne ke fara daina rabuwa, amma na tushe ne ke fara zama masu gashi. Na ƙarshen suna zaune suna jira na kwanaki, kuma daga baya aka gano Shh da ke fitowa daga tarin jijiyoyin ji yana cikin abin da ke riƙe su.

15 ga Mayu

Awon da aka yi a rufe ya goyi bayan abin da na gani a rukunin kwana na 6 ba tare da shakka ba. Na kwana na 5 yana nuna alamar, amma sai an ƙara nama.

Na shafe makon ina rubuta takardar neman izinin kwamitin ɗa'a don kashi na biyu, wanda zai taɓa 'yan tsakin da suka ƙyanƙyashe. A 1988 ne takardu biyu suka fito a mujallar Science, ɗaya ta Jeffrey Corwin da Douglas Cotanche, ɗaya ta Brenda Ryals da Edwin Rubel, suka nuna tsuntsun da ƙara ta kashe wa masu gashi yana sake yin sababbi. Daga masu tallafi suke fitowa, wasu su rikiɗe kai tsaye, wasu su rabu biyu tukuna, kuma ji yana dawowa cikin makonni. A 2009 Daudet da Jennifer Stone suka gwada DAPT a kunnen kazar da ta girma. A lafiyayyen nama bai yi komai ba. A wanda aka fara lalatawa da magani, sai masu gashi suka fito fiye da ƙima. Ke nan a babba, cire dannewar Notch ba ya isa, sai rauni ya fara buɗe ƙofa.

A dabbobi masu shayarwa ƙofar tana rufewa da wuri. A jaririn ɓera DAPT yana mayar da masu tallafi masu gashi, amma kafin ya cika mako ɗaya da haihuwa abin ya daina yiwuwa, kamar yadda ɗakin Andrew Groves ya nuna a 2015. A 2013 ɗakin Albert Edge a Boston ya ba da rahoton ɗan farfaɗowar ji a babban ɓera da wani mai toshe gamma-secretase, wannan ya kai ga gwajin REGAIN a kan mutane a Birtaniya da Jamus da Girka. Sakamakon da aka wallafa a 2024 ya nuna maganin bai cutar ba, amma bai cimma burin da aka sa masa na inganta ji ba. Kamfanin Frequency Therapeutics ma ya dakatar da nasa maganin, FX-322, a 2023 bayan gwaji bai nuna amfani ba. Ban ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa hanyar ta mutu ba. Abin da nake gani a faranti shi ne saƙo ɗaya yana ba da sakamako dabam tsakanin kwana na 4 da na 6 na rayuwar ɗan tsako, to ina ga kunnen mutum mai shekara 50, wanda masu tallafinsa suka daɗe da kulle ƙwayoyin gadon da Atoh1 ke buƙata. Nasarar da aka samu a Shanghai a 2024, inda yara 5 cikin 6 masu tangarɗa a ƙwayar gadon OTOF suka fara ji bayan an saka musu lafiyayyar ƙwayar gado, ta yiwu ne don masu gashinsu suna nan da rai, abu ɗaya kawai suka rasa.

Abin da ke gabana kafin damina ta kankama: in ƙara rukunin kwana na 5, in raba shi gida biyu, farkon yinin da ƙarshensa, bisa matakin Hamburger da Hamilton. In nemi rinin Hes5, don in ga da idona cewa saƙon ya tsaya lokacin da magani ke ciki kuma ya dawo bayan an wanke. In gyara yadda nake ciro tushen bututun, ta hanyar barin guringuntsin da ke riƙe shi har sai an kafe naman. Malama ta ce ta yi magana da wani sashe da ke da madubin da ke ɗaukar hoto hawa-hawa, za su ba mu rana ɗaya a mako daga watan gobe. Sabon kiret na ƙwai zai iso ranar Litinin.